Suna Ne Ke Cin Gidan Biggie Ko Dabara?

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai har yau BBNaija All Stars na 2023 bai fita raina ba, wato zangon shirin talabijin na Big Brother Naija da ake tara 'yan takara a gidan Biggie masu kallo na zaɓen gwani, wanda aka kwaso tsofaffin 'yan gida da suka riga suka yi suna aka zuba su wuri ɗaya kowa na ji da kansa, amma da aka zo ƙarshe manyan nan duk suka sha ƙasa. Ga tawa, mai ja ya amsa da waƙa.

An tara manya masu suna,
A gida guda aka ce su zauna,
Kyamara na kansu dare da rana,
Naira miliyan 120 ake ta nuna,
Kowa na cewa wannan rabona.

Mercy ta zo da kambi da dukiya,
Cee-C ta zo da baki da zuciya,
Whitemoney ya zo da tsohuwar hanya,
Amma da aka zo ranar gaskiya,
Ilebaye ce ta kwashe gaba ɗaya.

Yarinyar da a 2022 ta fita da wuri,
Ba ta da runduna, ba ta da tsari,
Sai hawaye da haƙuri da ƙoƙari,
To ku gaya min, masu nazari,
Suna ko tausayi, wanne ke gaba a jeri?

Anti Ladi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ba ta da tsari? Haba dai. Ka manta dokar gidan kenan, jan kunne uku sai kora, kuma ita tana da biyu a wuya tun bayan rigimarta da Cee-C, kowa a gidan ya san saura ƙiris.

Ƙanena ka yi waƙa ka ƙawata,
Amma akwai wurin da ka manta,
Jan kunne biyu na kan wuyanta,
In na uku ya zo a nuna mata hanyarta,
Ike ya san haka, ya kwaso kayanta.

Ya watsar a ƙasa, riguna ko'ina,
Yana jiran ta taso ta yi ɓarna,
Ta haɗiye fushinta, ta samu ta zauna,
Jan kunne ya faɗa kan mai tsokana,
In ba dabara ba ce, ka ba ta suna.

Wlh ranar nan ne ƙuri'u suka juya, don duk mai kallo ya ga kayan mutum a ƙasa ya ga kuma ba ta ɗaga hannu ba.

Auta:
Yaya da Anti ku yi haƙuri zan shigo, ku duk maganar wanda ya ci kuke yi kamar shi kenan abin da ake shiga nema, alhali wasu da aka kora ma sun fi wasu da suka kai ranar ƙarshe amfana da gidan.

Yaya da Anti ku ɗan saurara,
Ba kowa ke shiga don kofin nasara,
Tacha a 2019 ta sha kora,
Faɗa da Mercy ya ja mata asara,
Amma har gobe sunanta na yin ƙara.

Erica ta zagi Laycon cikin fushi,
Aka sallame ta, shi ko aka ba shi,
Kyautar miliyan 85 ta shiga hannunshi,
Na yarda ya ci, ni ba na ƙin shi,
Amma wa ya manta da ita a bayanshi?

Masu ba da talla mabiya suke dubawa a Instagram ba wai wa Ebuka mai gabatar da shirin ya kira sunansa daren ƙarshe ba, ni haka na gani.

Kawu:
Auta ɗana na karɓi amsa-amonka. Abin nan ba a Najeriya kaɗai ake yinsa ba, ku dubi Ingila, shirin I'm a Celebrity da ake kai shahararrun mutane dajin Ostareliya. A 2022 suka ɗauko Matt Hancock, tsohon ministan lafiya da ya sauka a 2021 bayan ya karya dokar korona da gwamnatinsu ta kafa wa jama'a, kuma yana ɗan majalisa a lokacin, mutanen da suka rasa 'yan uwa a annobar ransu ya ɓaci matuƙa kuma suna da gaskiya.

Ɗan majalisa ya bar aikinsa ya tashi,
Jam'iyyarsa nan take ta dakatar da shi,
Masu kallo don haushi suke zaɓen shi,
Kullum gwajin ƙwari a kan shi,
Har kunama a sansani ta harbe shi.

Ya jure, ya daure, ya kai na uku,
Ɗan siyasa Farage a 2023 shi ma na uku,
Masu shirin sun san abin da ke jan ku,
So da ƙi duk riba ce daga gare ku,
Shi ya sa ake kawo mai ɓata ranku.

Jill Scott 'yar ƙwallo ce ta ci a shekarar Hancock, ba shi ba. Abin da ke damuna shi ne mutum ya yi laifi a bainar jama'a, maimakon ya tsaya ya amsa tambaya sai a biya shi kuɗi ya zo ya wanke kansa da cin ƙwari a talabijin, wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Mai Alƙalami:
Kawu Allah ya ƙara girma, ai ka ƙarfafa min gwiwa. Auta duba misalanka da kyau, duk inda ka ambata wanda aka zaga ko aka tsokana shi ne ya ɗauki kuɗin, wato Mercy a 2019 da kuma Laycon.

Cee-C a 2018 ta tsaya ta biyu,
Ta dawo All Stars, kofin bai samu ba har yau,
Hmm, Mercy ma a karo na biyu ta biyu,
Rigima na kai mutum kusa, na yarda da kyau,
Amma bakin ƙofa take ajiye shi, ba ta kai shi ciki ba tukun dai yau.

'Yan gida ke sa sunanka a layin kora,
Amma 'yan waje ke da ƙuri'ar nasara,
Ka burge ɗaki ka ɓata wa kyamara,
Ka tara maƙiya a waje ba ka lura,
Ranar Lahadi Ebuka ya kira ka ka tattara.

Anti Ladi:
Baitinka na farko ya ɗan yi tsawo a ƙafa ƙanena amma maganar ta shiga. Sai dai har yanzu ina kan bakana, tausayin ma nemansa ake yi, ba ya faɗowa haka kawai. Ku tuna 2021, Whitemoney ya kama kicin tun makon farko yana girka wa kowa, Pere da ya zama shugaban gida ya fito fili ya ce girkin nan dabara ce ya cire shi daga kicin ɗin, to me ya faru, jama'a suka ga an zalunci mai ciyar da mutane.

Ya riƙe tukunya, ya riƙe ludayi,
Safe da dare yana ta ɗawainiya da yi,
Pere ya ce wannan wasa ne yake yi,
Ya karɓe kicin, ya ce a yi sauyi,
Sai ƙuri'a ta bi mai girki don tausayi.

Da ya dawo 2023 da salon da aka sani,
Bai kai ƙarshe ba, kowa ya gani,
Kellyrae a 2024 ya zo da wani,
Shi da Kassia aure ne da su tun tuni,
Suka ɓoye wa 'yan gida, mu muna gani.

Kun ga wannan ita ce dabarar da ta fi burge ni, sun mai da mu masu kallo abokan sirrinsu, duk lokacin da wani a gidan ya matso kusa da Kassia mu ne hankalinmu ke tashi don mun san abin da shi bai sani ba, kuma Kellyrae ɗin ne ya ci. Wanda ya riga ya yi suna ba shi da irin wannan damar, an san halinsa an san fushinsa tun kafin ya ajiye jaka.

Auta:
Anti na ji, amma ba zan sauka ba, Pere ɗin da kika kawo ai nawa ne ba naki ba.

Pere da aka tsana saboda kicin,
Na uku ya zo a wannan zangon, ku tuna lokacin,
A All Stars ma ya kai ranar yanke hukuncin,
Mai girki tuni ya bar gidan da ɗacin,
To Anti wa ya fi daɗewa a cikin?

Ina jiran amsarki, kuma da wannan amsa-amon nawa nake so ki dawo min.