Darasin motsa jiki a cikin hunturu, a fitar da yara ko a bar su a aji?

Malama_Jos:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ina koyarwa a wata firamare a nan Jos, aji ɗaya da aji biyu ne a hannuna, yara 'yan shekara shida zuwa bakwai. A jadawalinmu darasin motsa jiki ranar Talata ne ƙarfe takwas na safe ana gama asambuli, to kun dai san Jos a Disamba da Janairu, garin kan tudu yake kusan mita 1,200, da safe iska kamar ta yanke maka kunne. Yaran wasu da suwaita da hula, wasu yunifom ɗin ne kawai ko safa babu, ka ga yaro ya cusa hannu a hammata yana karkarwa leɓe duk ya tsage. Iyaye biyu sun zo sun ce kar a ƙara fitar musu da yara wai mura suke kwasowa, hedimasta kuma ya ce darasi ne dole a yi. Ni kuma wallahi ranar da na bar su a aji ba a zaman lafiya, sai tsalle kan benci da faɗa. Ya kuke yi a naku makarantun?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam Malama. Ni dai a matsayina na uba gaskiya ina bayan iyayen nan, wata biyu ne fa ko uku sanyin ya wuce, me za a rasa in an haƙura? Kuɗin magani mu ke biya.

Malam Sani Kano:
Baban Khalifa abin da za a rasa yana da yawa. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma yaran yanzu an tashi makaranta sai islamiyya sai gida sai waya, wani filin makarantar nan ne kaɗai inda yake gudu. Sannan mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, yaro saba'in a aji ɗaya an rufe tagogi saboda sanyi kowa na tari a fuskar ɗan'uwansa, ai nan ta fi saurin yaɗuwa.

Malama matsalarki lokaci ne. Ki samu hedimasta ku yi musanyar lokacin darasi da wani malami, a mayar da naki wajen goma da rabi ko sha ɗaya lokacin rana ta ɗaga, haka muka yi a nan kuma ƙorafin ya ragu sosai. In kun fita kuma kar ki jera su a layi kina bayani, tsayuwar nan ita ke kashe su da sanyi, ki gama bayaninki tun a cikin aji, ana fita sai sassarfa a zagaye fili, a girgiza hannu a yi tsalle, sannan a shiga wasan da kowa ke motsi lokaci ɗaya, langa, tsallen igiya, 'yar guje-guje, 'yan mata su yi gaɗa da tafi. Wasan da yaro ɗaya ke yi talatin na jiran layi ki ajiye shi sai bazara. Su fara da rigar sanyinsu, wanda ya ji zafi ya cire ya ɗaura a ƙugu, ana gamawa ya mayar tun gumin bai bushe masa a jiki ba. Minti ashirin zuwa ashirin da biyar ya ishe su.

Anti Nas:
Na yarda da Malam Sani amma don girman Allah Malama kafin komai ki bincika su waye masu sikila da masu asma a ajinki, ki tambayi iyaye kai tsaye don wasu ɓoyewa suke yi. Mai sikila sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar masa da ciwo, kuma a hunturu yara ba sa jin ƙishi ga iska a bushe, sai yaro ya wuni bai sha ruwa ba. Ina aiki a ɗakin yara, na san kukan da yaro ke yi in ciwon ƙashin nan ya taso, ba abin da za ki so ki ji ba ne. Irin waɗannan a rufe su ruf, hula, safa, gorar ruwa a hannu, su yi wasa mara wahala kuma da ya ce ya gaji a bar shi ya koma ciki, kar a ce masa rago. Mai asma inhelarsa ta kasance a aljihun malama a filin, ba a jaka a aji ba, busasshiyar iska mai sanyi tana tsuke masa ƙirji in yana gudu.

Ni ƙurar ma ta fi damuna. Hazon nan da iska ke kwasowa daga hamada, yawancinsa daga yankin Bodele a Chadi, ranar da ya sauka sosai har ba kya hango ƙarshen unguwa, ki ga gashin idon yara ya yi fari, to ranar kam kowa ya zauna a ciki, a tura bencina gefe a yi miƙa da waƙa da tafi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da gargaɗin hazo, ki riƙa dubawa. A kuma roƙi iyaye su shafa musu basilin ko man kaɗe a leɓe da ƙafa kafin su fito.

Ummu Hanan:
Ni a Finlan nake zaune, yarana a nan kusan bayan kowane darasi na minti 45 ana fitar da su waje na minti 15, ƙanƙara na zuba ma fita suke, sai sanyi ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifili ake barin su ciki. Amma fa kowane yaro na da kayan sanyi tun daga kai har ƙafa kuma ajin da zai koma da ɗumi. Shi ya sa yaran da kika ce ba su da ko safa su suka tsaya min a rai. Ku kai maganar taron iyaye da malamai, masu hali su kawo suwaitar da ta yi wa 'ya'yansu kaɗan, ko a haɗa kuɗi a sayo gwanjo a ajiye a aji.

Malama_Jos:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Gobe in sha Allah zan samu malamin lissafi mu yi musanya, shi ma ya fi son safiya. Anti Nas akwai yarinya ɗaya da nake zargin sikila ce don tana yawan fashi kuma idonta na yin ɗorawa, ya zan tambayi mamanta ba tare da ta ji haushi ba?