Injin Baaba ko na Toyota? Muhawara kan wata Peugeot 504 da ke kwance a unguwar Aboabo, Kumasi

Razak: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Kun san motar Baaba, Allah ya jiƙansa, Peugeot 504 mai ruwan toka da ya shigo da ita daga Agege a 1981 lokacin yana safarar goro. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kwance a bayan gida ƙarƙashin tamfol. Jiya na yaye tamfol ɗin. Tayoyi huɗu sun zauna, ɓera ya ci wayoyin fitila, kaza kuma ta mai da kujerar baya akurki, har ƙwai biyu na tarar. So nake in tashe ta in riƙa zuwa masallacin Juma'a da ita, ranar Sallah in ɗauki Mma. Wani fita, wato makanike, a unguwar Tafo ya ce kar in wahalar da kaina, in sauke injin in dasa na Toyota, wata guda ta hau titi. Me kuka gani?

Bashiru (Hamburg): Wa alaikumus salam. Razak, ni dai ba zan ɓoye maka ba. Duk tsohuwar motar da aka cire wa injinta na asali ta mutu, saura kwando mai taya. Ran da ka dasa mata injin Toyota, ranar ka binne motar Baaba da hannunka.

Alhaji Tanko: To fa. Na Jamus ya fara. Bashiru, kana zaune inda za ka latsa waya jibi a kawo maka gasket har ƙofar gida, kana yanke wa mutumin Aboabo hukunci.

Bashiru: Alhaji, ranka ya daɗe, ba son raina nake faɗa ba. A nan tun 1997 akwai lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, ana ba motar da ta kai shekara 30. Amma shekaru kaɗai ba su wadatar. Mai dubawa zai buɗe gaba, in ya ga injin da ba na zamaninta ba, ba lamba. Kuma wannan lambar tana ɗaga darajar motar a kasuwa, haraji ma nata daban ne. Mutanen da suke ƙera mota da hannunsu su suka ga dacewar haka.

Alhaji Tanko: Wannan dokar Jamus ce, ta zauna a Jamus. Mu a nan wace mota ce ta taɓa tsufa yadda aka haife ta? Yaro, kafin a haife ka Bedford mai bodin katako muke hawa zuwa Tamale. Bature ya aiko da inji da shasi, kafintan Kumasi ya gina sauran, ya rubuta mata kirari a goshi. Wa ya taɓa cewa ba Bedford ba ce? Ka dubi Kuba. Motocin Amurka na shekarun 1950 da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto da su a Habana, da yawa injin dizal na wata ƙasa ne a cikinsu, kuma da haka suka kai yau. Benz ɗina 230 ta 1983, shekara shida ke nan da injin Toyota a cikinta. Ina murza makulli sau ɗaya ta amsa. Na je Techiman da ita ranar kasuwa na dawo ban buɗe gaba ba.

Ɗanjuma: Ina bayan Alhaji. Kabureta a wannan zamani wahala ce kawai. Da safe sai ka ja cok, ka taka totur sau uku, ka yi addu'a. Mai kuma tana shan sa kamar raƙumi. Ga kwantak da ke ƙonewa a tsakiyar cunkoson kasuwar Kejetia, ƴan taksi na danna maka hon.

Bashiru: Wannan jan cok ɗin da kake raina shi ne daɗin abin. Wanda ke son murza makulli ya wuce ai Corolla ta cika gari.

Alhaji Tanko: Wanda kuma ke son kallo kawai ya je Akra, Cadillac ɗin Nkrumah na nan a ajiye a wurin kabarinsa, ba mai taɓa ta. Razak cewa ya yi zai ɗauki Mma ranar Sallah. Ka taɓa ganin tsohuwa da sabon leshi tana jira a gefen titi ana hura fulogi?

Masta Inusa: Salamu alaikum. Yanzu na wanke hannu, yaro ya karanta mini abin da kuka rubuta. Razak, ɗana, tambaya ɗaya. Wannan fitan na Tafo, ya buɗe injin?

Razak: A'a Kawu. Ya dai leƙa, ya ja sandar bakin mai ya shinshina.

Masta Inusa: To likitan da bai taɓa majinyaci ba ya ce a yanke ƙafa ke nan. Ni na fara koyon aiki a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, a 1976, kuma a kan 404 da 504 na yi wayo. Motar nan taku ni na yi mata aiki na ƙarshe kafin mahaifinka ya kwanta ciwo. Bari in gaya muku abin da ke cikinta, don na ga kowa na magana daga waje.

Injin nan na lita biyu ne, kuma a kwance yake gefe guda, ba a tsaye ba. Bulok ɗin ƙarfe ne, kan silinda alminiyom. Abin da ya sa muke ƙaunarsa shi ne silibi: ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki bututu ne da ake zarewa. In ya cinye, ba sai an kai bulok wurin masu injin gora ba. Ka zare huɗun, ka sa sabbi da fistin da ringi, inji ya koma yaro. Na yi wa mota ɗaya haka sau uku a rayuwarta, mai ita yana jigila da ita tsakanin Kumasi da Bolga. Ciwonsa guda biyu ne kuma duka mu muke jawo su. Na farko, mutanenmu na cire tamostat su jefar, su cika lagireto da ruwan rijiya, alminiyom ya yi ta ciwuwa a ɓoye har ran da zai yi zafi kan silinda ya lanƙwashe. Na biyu, abin da ke toshe gindin silibi in ya gaji ruwa ya sauka cikin bakin mai. Shi ya sa nake tambaya: da ya ja sandar, wane launi ka gani? Baƙi ne, ko ya yi kalar shayi da madara?

Razak: Baƙi ƙirin, Kawu. Ya yi kauri dai.

Masta Inusa: Alhamdu lillahi. To da sauran rai.

Alhaji Tanko: Masta, ba na ja da kai a aikinka. Amma silibin da fistin ɗin a ina? Ko daga sama za su faɗo?

Masta Inusa: Alhaji, Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya ci gaba da haɗa ta sama da shekara ashirin bayan nan. Kayanta ba su ƙare a yankin nan ba. Abin da babu a Magazin a tambaya a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Akra, abin da babu a can ɗan goro mai zuwa Legas ya taho da shi a jaka. Sai dai a buɗe ido, jabu ya yi yawa, kwali mai hoton zaki ba shi ne kayan zaki ba.

Kuma ga abin da fitan Tafo bai gaya wa Razak ba. Benz ɗinka, Alhaji, farfelarta a fili take, a yanka a ƙara a yi walda, an gama. Ita 504 farfelarta cikin wani bututun ƙarfe take, an ɗaure shi da kusoshi a bayan giyabos har zuwa aksul na baya, duk abu ɗaya ne. Ka kawo injin Toyota da giyarsa, ina za ka ɗaure bututun? Dole a ƙera faranti, a yanka nan a ɗora can. In aka kuskure layi ko da kaurin farce ne, mota ta kai gudu sittin ka ji kamar injin niƙa a ƙarƙashin kujera. Na ga guda biyu da aka yi wa haka. Ɗaya tana nan bayan shagona, akuyoyi ke kwana a inuwarta.

Ɗanjuma: Masta, to amma ku nawa kuka rage masu iya saita kaburetar Solex da kunne? Yaran yanzu kwamfuta muke soka wa mota ta faɗi ciwonta. Allah ya ja kwana, amma nan da shekara goma wa Razak zai kai wa?

Masta Inusa: Wannan tambayar ta fi duk abin da aka faɗa yau nauyi, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Layinmu da mu bakwai ne masu Peugeot. Saura mu biyu, ɗayan ma ido ya fara ba shi matsala. Yarana shida a shago, ba wanda ke son zama ya wanke jet ɗin kabureta da bakinsa.

Bashiru: Shi ya sa a nan mai tsohuwar mota shi ne makanikinta. Littafin gyara ne da akwatin sifana, Asabar a gareji.

Alhaji Tanko: Razak da ko tayar keke bai taɓa facin ta ba?

Razak: Alhaji, an fara tonon asiri ke nan.

Hajiya Fati: Na yi shiru ina karantawa tun ɗazu. Razak, ƙanina, kana ta cewa "in tashe ta", "in dasa", kamar kai kaɗai Baaba ya haifa. Motar nan ba a raba ta ba. Mu tara ne, ga Mma da tumuninta. Kuma ku maza kuna ta inji, inji. Ni abin da na sani a motar nan ƙararta ce. Muna ƙanana, daga kwanar masallaci muke gane Baaba ya dawo, kowa ya ruga ya ɗauki allo kamar tun azahar yake karatu. In ka sa mata wani inji ta shigo layi da muryar tirotiro, motar haya, ni ban san ta ba.

Malam Awudu: Hajiya ta taɓo inda ya kamata a fara. Dukiyar da magada suka yi tarayya a cikinta, ɗaya ba ya sauya ta ko ya sayar da wani sashe nata sai da yardar sauran. Injin da za a sauke ma dukiya ne, ba a bar wa fita shi a matsayin ladan aiki. Ko dai a yi mata kuɗi Razak ya biya kowa rabonsa, ko kowa ya furta ya yafe, a rubuta, a sa shaidu. Na sha raba rigimar da ta fi wannan ƙanƙanta.

Alhaji Tanko: Malam ya yi gaskiya. Ni ma bari in faɗi abin da na ɓoye, tun da Masta ya tsare ni. Injina na asali da aka sauke, na bar shi a shagon wanda ya yi aikin, na ce zan aiko a ɗauka. Bayan wata biyu na je, wai yara sun haɗa da tarkace an auna a kilo. Ya yi mini ciwo, har yau. Sannan na yi zirga-zirgar DVLA, ofishin rajistar motoci, kafin lambar sabon injin ta shiga takarda. Amma ban janye ba. Motar da ke tafiya ta fi motar da kaza ke ƙwai a ciki.

Bashiru: Ai ba wanda ya ce a bar wa kaza. Cewa na yi a tashe ta da abinta. 504 ce fa ta ci gasar Safari a Kenya a 1975, da injin gidansu.

Ɗanjuma: Da makanikai cike da mota suna bin ta a baya.

Masta Inusa: Ku bar Kenya. Razak, saurara, kuma kar ka yi gaban kanka. Kar ka kuskura ka sa batir ka murza makulli. Fetur ɗin da ya shekara goma sha ɗaya a tanki ya zama danƙo, ringi kuma sun manne. Ka cire fulogi huɗun, ka zuba ɗan bakin mai gauraye da dizal a kowane rami, ka bar shi kwana uku. Ranar Asabar zan zo da sifana in kama kusoshin gaba in juya da hannu. In ya juya, Alhaji ya saye mana waakye, shinkafa da wake. In ya ƙi, mu sauke kan silinda mu gani da ido, sannan a yi maganar Toyota.

Kuma tun kafin in zo, ka ɗaga tabarmar ƙasa ta wajen direba da ta but, ka sa sukudireba ka danna. Tamfol yana tara gumi, damina goma sha ɗaya ba wasa ba ce. Injin 504 ban cika jin tsoronsa ba. Tsatsa nake tsoro, musamman inda ƙafafun baya suka kama jiki. In can ya ruɓe, ko injin jirgi ka sa a banza.

Alhaji Tanko: Na yarda da waakye. In ya ƙi juyawa kuma Bashiru ya turo kuɗin tuwo daga Hamburg, da yuro.

Bashiru: An gama.

Razak: Na gode Kawu, na gode Malam. Yaya, ki yi haƙuri, na yi azarɓaɓi, yau da dare zan kira sauran. Na sauka yanzu da sukudireba. Wajen direba lafiya lau. A but ne ya shige har mariƙi, wajen da safaya ke zama, ina hango ƙasa ta ramin.

Masta Inusa: Wannan na mai walda ne, kwana biyu. Ka duba ƙarƙashin kujerar baya.

Razak: Sai na kori kazar tukuna, ta dawo ta kwanta.

Hajiya Fati: Kar ka taɓa ta, ta Mma ce, kwanci take yi. Makullin motar ma yana cikin adakar Mma ɗaure da tasbahar Baaba, kuma ban ji wanda ya je ya tambaye ta ba.