Neman kalma: yaya za mu kira MS da Hausa?

Jama'a, a taimaka. A ƙaramin asibitinmu da ke wani ƙauye wajen Ringim muna neman sunan ciwon da likitoci ke ce wa MS, wato maltiful siklerosis, wanda likitan Faransa Charcot ya fayyace a 1868. Ya fi kama mata 'yan shekara 20 zuwa 40.

Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gwigwiye robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa wucewa da ƙyar. Sau da yawa ta ido yake fara nunawa: ido ɗaya ya koma dishi-dishi cikin 'yan kwanaki, in an juya shi a ji zafi, jan atamfa ya zama kamar ya koɗe. Ga shi kuma in ka leƙa idon, fes yake, ba yana ba ja. Shi ya sa a ƙauye ake saurin cewa iska ce ko sammu.

Wani dattijo ya ce: "Ɗana, ku ce shanyewar jijiya mana." Baba, a yi haƙuri, da an ji shanyewa hankali zai tafi shan inna ko shanyewar ɓarin jiki. Wannan kuwa yakan taso ya lafa, ganin ma yakan dawo bayan makonni.

Wata malamar jinya ta kawo "tabon laka", tunda tabo-tabo ake gani a hoton MRI, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki. Ya yi ma'ana, Hajiya, sai dai ya bar ƙwaƙwalwa da jijiyar gani a waje.

Ni dai "zaizayar rigar jijiya" ta fi kwanta min.

Saura motsin idon. Akwai mai duba gefe, ido ɗaya ya ƙi tahowa wajen hanci, ɗayan yana ta kaɗawa, abu ɗaya ya zama biyu. Ba harara-garke ba ne, kada a haɗa. Kaɗawar nan kuma kar wanda ya ce mata "rawar ido", wallahi faɗa za a yi, wa zai ce wa matar aure tana da rawar ido? "Karkarwar ido" ta wadatar.

Wanda ya rage: dishewar gani in jiki ya ɗau zafi, a ranar bazara ko gaban murhu, ya washe in an huce. Likitan ido na Jamus Uhthoff ya bayyana shi a 1890. Mutanen Gumel da Kazaure, me za ku kira wannan?