An kira ni koyarwa a sabuwar sakandaren Katolika, in karɓa?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa koyarwa ko karatu a makarantar mishan.

Lissafi nake koyarwa. NCE na fara yi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya, daga baya na ƙara digiri, kuma ina da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Yanzu ina wata makarantar kuɗi da ba zan kama sunanta ba, inda albashin wannan wata sai tsakiyar wata mai zuwa, a dogon hutu kuma rabi ake ba mu. To cocin Katolika za ta buɗe sabuwar sakandare a bayan gari, nan jiharmu ta Kaduna, maza da mata, jeka-ka-dawo. Da JSS1 kaɗai za su fara, aji biyu, duk shekara su ƙara aji. Wani abokin aikina Kirista ne ya kai takarduna. Da aka kira ni ganawa na ɗauka tambayoyin baka za a yi, sai Sistar da za ta shugabanci makarantar ta miƙo mini alli, aka shigo da yaran unguwa, ta ce in koya musu yadda ake tara rabi da sulusi. Ta zauna a bencin baya tana rubutu. Da na gama ba ta tambaye ni addinina ba, ga sunana a takarda, ga hulata a kai. Abin da ta tambaya shi ne, yaron da ya shigo JSS1 bai iya sau bakwai ba, me zan yi da shi?

Sun ba ni aikin. Na ga jerin malaman: ita Sista, wani matashin Fada da zai koyar da addinin Kirista, wani dattijo da ya yi ritaya daga gwamnati zai riƙe Turanci, wata mata za ta haɗa aikin gona da tattalin gida, malamin Hausa na wucin gadi, 'yan bautar ƙasa biyu da ake jira, sai ni. Ni kaɗai ne Musulmi. Kuma bayan lissafi an rataya mini kimiyya da kwamfuta, wai kafin a samu wani. Albashin ya ɗan haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, bai kai abin da ake ba ni a nan ba a takarda, sai dai sun ce ba ya wuce ƙarshen wata.

Mahaifiyata ta ce ita dai tsoronta kada a hana ni salla. Matata kuma cewa take makarantar da ba ta yaye ko ɗalibi ɗaya ba, wa ya san ko za ta kai baɗi. Ni a raina nauyin darussan ne ya fi tsaya mini. Me kuka gani?

Tsohon Ɗan Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata wani tsoho da ya yi makarantar Fadawa yana nan yana limanci a masallacin layinsu.

St. John's na yi a Kaduna, zamanin tana hannun Fadawan ƙungiyar mishan ta SMA 'yan ƙasar Ayalan. A farkon shekarun 1970, lokacin Abba Kyari yana gwamnan soja na Jihar Arewa ta Tsakiya, gwamnati ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta 'yan mata da ke Kakuri ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Zariya, wadda ta Angilika ce, ta koma Kufena. Yaran yanzu suna wuce ƙofar makarantun nan ba su san wanda ya aza tubalinsu ba. A Kano ma Sistocin St. Louis sun sauka tun 1948, kuma ka tambayi manyan matan Kano nawa suka bi ta makarantarsu ta Bompai.

Abin da nake so ka riƙe ba tarihin ba ne. Mutanen nan ba su da yawa a makaranta, amma a cikinta suke kwana. Fadan da ya koya maka darasi da safe shi za ka gani da yamma a filin ƙwallo, da dare kuma ya leƙo aji ya ga wa ke gyangyaɗi. Littafin aikin gida ba ya kwana biyu ba a duba ba. Ba wani sirri ban da wannan. Gini kowa yana iya yi, yanzu ma ga makarantu masu tayil da gilashi ko'ina, ka shiga aji ka tarar malami yana kan waya.

Kai kuma dama ce ta zo maka da ba kowa ke samu ba. Wanda ya shiga tsohuwar makaranta, abin da ya tarar shi zai bi, mai kyau da marar kyau. Ku 'yan farko ku za ku yanke ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ko ana duka ko ba a yi, ko malami zai iya sayar wa yara takardun darasi, ko yaron da ya faɗi jarrabawa zai maimaita aji ko za a tura shi gaba don ubansa ya biya kuɗi. Tun ran gini tun ran zane. In ka bari aka fara da wasa, bayan shekara 10 ko Bishop ya zo da kansa ba zai gyara ba.

Maman Tagwaye:

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni 'yar Katolika ce, ina cikin Zumuntar Mata, kuma na zauna a kwamitin makarantar cocinmu lokacin da muka ɗauki malaman farko, don haka bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki.

Dokar coci ta ɗora wa Bishop ikon amincewa da wanda zai koyar da addini. Wannan kujera ba taka ba ce, ba kuma wanda zai nemi ka hau ta. Amma dokar nan ta ce dole karatun makarantar Katolika ya kai na sauran makarantun yankin inganci ko ya fi. Shi ya sa Sista ta ba ka alli. Iyaye ba za su biya kuɗi don addu'ar safe kawai ba, kiredit a lissafi da Turanci suke so, su ne mabuɗin jami'a. Mu ma malamin kimiyyarmu na farko Musulmi ne, kuma ranar da ya tafi ƙarin karatu yara kuka suka yi.

Ga abin da za ka tarar. Ana addu'a a taron safe. Ƙarfe 12 na rana akan kaɗa ƙararrawa a yi gajeriyar addu'ar Anjelus. Akwai Mas, wato babbar ibadarmu ta coci, lokaci-lokaci, da ranar buɗe zango, da Larabar Toka. Ba wanda zai ce ka durƙusa ko ka karɓi jibin Ubangiji, wato gurasar da ake karɓa a Mas, mu kanmu ba ma ba wanda ba ɗan Katolika ba. Abin da ake so shi ne ka tsaya da natsuwa, kada yara su ga malaminsu yana taɗi ana addu'a. Maganar Juma'a da azahar kuwa ka faɗa yanzu, kafin a zana jadawalin darussa, don in an riga an sa maka lissafi ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, sauya shi ya zama rigima.

Sannan ka tambaye ta yaran Musulmi da za su shigo, domin za su shigo. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba. Ina za su zauna lokacin da Fada yake aji? Wa zai koya musu nasu? In ba a shirya ba, kanka za a dawo, tunda kai kaɗai ne. Iyayen ma wurinka za su riƙa zuwa da kowane ƙorafi, ko ka so ko ka ƙi.

Abu ɗaya da zan faɗa a kan namu, ba ɓoye-ɓoye: muna da saurin cewa aikin Allah ne. Sista ta yi alkawarin zaman talauci, ba ta biyan kuɗin haya, ba ta sayen madarar jariri. Wani lokaci da zuciya ɗaya take manta cewa malamin da ke gabanta yana da iyali. In ka ji an ce a yi haƙuri aikin Allah ne, ka amsa da ladabi cewa buhun masara kuma na 'yan kasuwa ne.

Akawu:

Malam, ni ba ruwana da tarihi, takarda nake dubawa. Kada ka ajiye aikinka sai ka riƙe takardar ɗaukar aiki, ka kuma duba wa ya sa hannu. Ofishin ilimi na dayosis ne, wato yankin da Bishop ke shugabanta, ko ƙungiyar Sistocin, ko Fadan cocin unguwar? Akwai bambanci. Fada ana yi masa canjin wuri, wanda ya gaje shi yana iya cewa bai san da alkawarin baka ba.

A rubuta darussan da aka ɗauke ka dominsu, da cikakken albashi a lokacin hutu. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda ya ɗauki ma'aikaci ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, amma wajibcin yana kan wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Ku ba ku kai ba tukuna, sai ka tambaya ko za a sa ku ƙarƙashin tsarin dayosis.

'Yan bautar ƙasa kuma kada a lissafa su cikin ginshiƙan makaranta. Shekara ɗaya suke yi, gwamnati ke ba su alawus ɗin 77,000, shi ya sa masu makarantu ke son su. Ran da suka tafi, darussansu kan wa za su faɗo? Ka kuma nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha. Yaranku za su zauna jarrabawar JSS3 bayan shekara uku, WAEC da NECO bayan shida, kuma ba a ba makaranta cibiyar jarrabawa sai an zo an duba ɗakin gwaje-gwaje da takardun malamai. In ba su fara wannan lissafi yanzu ba, matarka ta fi ka gaskiya.

Ɗan Tudun Wada:

Duk sun faɗi alheri, ni bari in faɗi ɗaya gefen. Ko shekara 20 ka yi, ba za ka zama shugaban makarantar ba. Kujerar ta Sista ce ko Fada, iyakarka mataimaki, shi ma in an ga dama. In kana da burin shugabanci ka nemi aikin gwamnati. Kuma ka shirya wa maganar mutane a majalisa.

Malamin Lissafi:

Na gode ƙwarai. Baba, na isar da gaisuwarku, Hajiya ta yi dariya ta ce a gaishe da liman. Mama, maganarku ta yaran Musulmi ko kusa ba ta zo mini a rai ba, ita na fara ɗauka da na koma wurin Sista.

Ga yadda muka yi. Juma'a ba matsala, ƙarfe 12 da rabi za a tashi, ta ce ai direban motar makarantar da mai gadi ma masallaci za su tafi. Azahar kuma ta nuna mini wani ɗan ɗaki kusa da ofis. Kan yaran Musulmi ta ce an riga an sayi fom ɗin wasu, kuma tana tunanin su zauna a ɗakin karatu lokacin darasin Fada. Na ce mata yaro ɗan shekara 11 ba ya zama a ɗakin karatu shi kaɗai, a samo mai koyar da addinin Musulunci ko na kwana biyu a mako ne, amma ba ni ba, ban karanci fannin ba. Ta rubuta, ta ce sai ta kai wa ofishin ilimi, ba ita ke da ikon ƙara ma'aikaci ba. Na ji daɗi da ba ta yi mini alkawarin abin da ba ya hannunta ba.

Akawu, takardar daga ofishin ilimi na dayosis za ta fito, kuma na ga takardar amincewar ma'aikatar ilimi, ta wucin gadi ce. Ɗakin gwaje-gwaje an fitar da harsashi, ba a kai linta ba. Kan darussa mun ja sosai. Na ce lissafi da kimiyya zan iya, kwamfuta a ba ɗan bautar ƙasa, in ya so in riƙa duba shirin darasinsa. Ta yarda, da sharaɗin in karɓi ajin ƙarin lissafi na yamma na zangon farko, don yaran da za su zo ba su iya sau bakwai ɗin nan ba. Wannan kam ba zan ƙi ba, ni na kawo shawarar a ranar ganawa, bakina ne ya ja mini.

Ɗan Tudun Wada, gaskiyarka, ba zan zama shugaba ba. Inda nake yanzu ma ɗan mai makarantar ne zai gada, kuma bai taɓa riƙe alli ba. Maganar majalisa kuwa an riga an fara.

Na ce mata zan ba da amsa ranar Litinin, kuma zuciyata ta karkata ga karɓa. Abin da ya rage shi ne fansho. Ta ce ba ta san yadda ake yi wa malaman sauran makarantun dayosis ba, sai ta tambaya. Akwai wanda ke koyarwa a irin makarantun nan a Kaduna, Kafanchan ko Kano da zai gaya mini, ana buɗe muku asusun fansho, ko sai ranar barin aiki ake ba da kuɗin sallama? Ina so in san abin da zan nema a rubuta kafin in sa hannu.