Keke mai taya ɗaya ko mai ƙafa ɗaya? Mu tsayar da suna kafin ya shiga hannun yara

Jama'a, ku taya ni mu tsayar da magana ɗaya. Akwai keken da ake kira unicycle da Turanci: taya guda, sirdi a samanta, feda biyu a manne da cibiyar tayar. Ba shi da sarƙa, ba shi da kan da ake riƙewa, yawancin na koyo ma ba su da birki. Da mahayi ya daina takawa, tayar ta tsaya. Ina so in ga yaranmu suna hawansa, amma yaro ba ya sabawa da abin da bakinsa ba ya iya kira.

Wasu sun ce a ara kawai, a ce yunisaikul. Ban ƙi aro ba, ai feda da birki da taya duk aro ne kuma sun zauna. Sai dai wannan ta yi wa ɗan shekara shida nauyi, kuma ba ta gaya wa uwarsa komai game da abin da ɗanta zai hau.

Na biyu shi ne "keke mai ƙafa ɗaya", kuma shi ya fi farin jini, tunda mun saba cewa babur mai ƙafa uku. A nan nake so mu ɗan tsaya. A cikin wasan kansa akwai gwanintar da mahayi ke ɗauke ƙafa guda daga feda, ya ɗora ta a kan ƙarfen keken, ya ci gaba da tuƙi da ɗayar. Ranar da mai koyarwa ya ce wa yaro "yau za mu koyi ƙafa ɗaya", me yaron zai fahimta, keken ne ko salon tuƙin? Gara mu bar wa ƙafar mutum kalmarta tun yanzu.

"Keken langa" ya yi mini daɗi a kunne ƙwarai, har na so in amince. Amma langa tsalle ce da ture abokin karawa, ita kuwa wannan harkar natsuwa ce a kan sirdi. Ba na son sunan da zai sa yara su fara bangazar juna a kan kankare.

Abin da na tsaya a kai shi ne "keke mai taya ɗaya", a taƙaice taya-ɗaya. Mutanen Japan ma haka suka yi, ichirinsha, wato abin hawa mai taya guda. Su ne kan gaba a wannan fanni: tun 1989 ma'aikatar iliminsu ta sa shi cikin darasin motsa jiki na firamare, shi ya sa ake ganinsa jere a makarantunsu, kuma 'yan mata sun fi rungumarsa. Kalmar tasu tana nufin baro ma, amma mu ba mu da wannan matsalar, baro yana da sunansa.

Ku gwada shi a bakin mai koyarwa ku ji. "Kawo taya-ɗayarka." Ga ƙaramin yaro, taya mai faɗin inci 16 ta fi, wanda ya tasa sai mai inci 20. A ɗaga sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda tana ƙasa. A fara a jikin bango ko shinge, a daɓe mai laushin bi, yaro ya saki nauyinsa duka a kan sirdi, ya dubi gaba, kada ya dubi taya. Babba ya ba shi hannu ya dafa, kada ya riƙe masa sirdin, domin wanda aka riƙe wa sirdi ba ya gane inda jikinsa ke karkata. Idan faɗuwa ta zo, ya saki keken ya dira da ƙafafunsa. Hular kwano da abin kare wuyan hannu kuwa wajibi ne, iyaye kada ku yi tsimi a nan. Ba a iyawa rana ɗaya, minti goma sha biyar kullum ta fi awa uku a rana guda amfani.

Kuma ba wasan 'yan dabo ba ne kawai, kamar yadda wasu ke ɗauka. Akwai gasar duniya, Unicon, wadda aka fara a 1984 a garin Syracuse na Amurka, ana tsere, ana ƙwallon kwando, ana rawa a kai.

Saura kalmomi biyu da nake neman taimakonku. Hawa ba tare da dafa komai ba, na ce "hawan kai". Sai tsayawa wuri guda ana kai taya gaba ana dawo da ita baya, wanda nake ganin "lilo" zai ɗauka. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da Sakkwato, idan da wata kalma a bakinku da ta fi waɗannan zama, ku kawo ta.