Aikin DevRel a buɗaɗɗiyar manhaja: zai yiwu daga ƙauye?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum yayyena. Ina rubuta Python da ɗan JavaScript, ina zaune a ƙauye kusa da Ringim. Ina ganin kamfanonin da ke sakin manhajarsu a buɗe suna neman injiniyan DevRel (Developer Relations), wato mai kula da hulɗa da masu gina kaya a kan manhajar. Me mutum yake yi a aikin nan daga safe zuwa yamma? Kuma wanda wuta ba ta zama masa, sabis ma yana zuwa yana ɗaukewa, zai iya?

Yaya na Wudil:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mutane sun ɗauka hawa dandamali ne da rabon sitika a taro. Wannan kaɗan ne daga ciki. Kai ne ɗan tsakani: masu rubuta manhajar a gefe guda, masu gina kayansu a kanta a ɗaya gefen.

Wani zai rubuta a GitHub ko Discord cewa "abin ba ya aiki", shi ke nan. Babu injiniyan da zai iya gyara wannan. Sai ka tambaye shi sigar manhajar da ya saka, Windows yake ko Ubuntu, ya turo saƙon kuskuren gaba ɗaya a rubuce, ba hoton rabin sikirin ba. Ka tayar da matsalar a kwamfutarka, ka yi ta rage kod ɗin har ya koma layi 15 ko 20 da ke nuna ta. Daga nan ne za ka shigar da rahoto, in kuma gyaran ƙarami ne ka tura PR (pull request, wato buƙatar a karɓi gyaranka a cikin kod ɗin) da kanka.

Sau da yawa manhajar lafiya lau take, jagorar farawa ce ta lalace. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da saka wasu abubuwa a kwamfutarsa, ya manta bai ambace su ba. Don haka ka bi jagorar mataki-mataki cikin sabon venv ko kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin gwaji a kwamfutarka da babu komai a ciki. A misalan da kake rubutawa ka ƙayyade sigar kowane fakiti, ka sa su cikin gwajin CI, wanda ke gudana da kansa duk lokacin da aka canza kod. In ba haka ba, sabuwar siga za ta fito ta karya su, sai ƙorafi ya taru kafin ka sani.

Malam mai sola, Gumel:
Ni kan wuta da data zan yi magana. Batir 12V 100Ah yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma in ba litiyam ba ne, rabi kawai za ka ja, in ka wuce ba zai yi ƙarko ba. Inbata za ta ci nata kason. Laftof da rawuta in suna jan wat 50, kana da wajen awa 10. Fanel 300W zai cika shi a rana mai kyau, amma da hunturu ka riƙa goge ƙura. Da bazara kuma zafin Afrilu yana sa laftof ta rage gudu da kanta, ka ɗaga ƙasanta iska ta shiga.

Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, bai damu da sabis ba, za ka yi commit (adana canjinka) babu intanet ka tura daga baya. Ka saba da git clone --depth 1 don kada ka sauke tarihin shekaru. Abin da ke shanye data shi ne sauke manyan fayilolin Docker (images) da taron bidiyo, wanda zai iya cin kusan giga ɗaya a awa. Layi biyu na kamfani daban-daban dole ne. Nunin manhaja kuwa ka naɗa tun da wuri, kada ka dogara da kai tsaye.

Anti daga Dutse:
Ban ƙi maganar Yaya ba, amma ƙanena kada ka fara da neman wannan kujerar. Ba kasafai ake bai wa wanda ba a taɓa ganin aikinsa ba, kuma masu manhaja ba sa sauraren wanda bai iya karanta kod ɗinsu ba. Ka zaɓi manhaja ɗaya da kake amfani da ita, ka zauna a kanta. Karanta CONTRIBUTING.md, fayil ɗin ƙa'idojin ba da gudummawa, kafin komai, ka duba rahotannin da aka yi wa alamar good first issue, ka faɗa za ka ɗauka kafin ka fara. Wasu suna buƙatar git commit -s (sa sunanka a ƙasan kowane commit), wasu sa hannu a CLA (yarjejeniyar lasisi ta mai ba da gudummawa), in babu PR ɗinka zai tsaya cak. Ka guji gyaran waƙafi don tara lamba. Abin da ya ɓata Hacktoberfest (gangamin tura PR na watan Oktoba) na 2020 ke nan, masu kula da manhajoji ba su manta ba.

Ka kuma san bambancin lasisi, don za a tambaye ka: MIT da Apache 2.0 suna barin kamfani ya rufe abin da ya gina, GPL kuwa in ka rarraba sai ka buɗe kod ɗin. Shirye-shiryen koyon aiki na Google Summer of Code da Outreachy suna biya, daga gida ake yi. Magana gaban jama'a ka fara koyonta a DevFest na Kano, taron masu rubuta manhaja, ko wajen ɗalibai a jami'ar Dutse.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, lokutan taro fa, tunda yawancinsu a waje suke?

Anti daga Dutse:
Turai ba matsala, tazarar ba ta da yawa. Kalifoniya ce: ƙarfe 9 na safiyarsu ƙarfe 5 ko 6 na yamma ne a nan, taron zai iya cin magariba. Ka faɗa musu tun ranar farko, ka toshe lokutan salla a kalandarka. Ka kuma tambayi yawan tafiye-tafiye kafin ka sa hannu, don wasu kujerun rabinsu taron ƙasashen waje ne, biza kuma ba a hannunka take ba. In kamfanin Amurka ne ya ɗauke ka kwantiragi, za su turo fom ɗin haraji W-8BEN, ka buɗe asusun dala tun kafin albashin farko.