Zoben rage ƙiba: wa ya taɓa sawa a cikinmu?

Maman Nafisa: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Shekarata 41, tsawo mita 1,65, nauyi kilo 118, ga tansiyo ga sukari ya fara leƙowa, sallah ma a kan kujera nake yi saboda gwiwa. Lokotoro a Yamai ya ce IMC ɗina, wato ma'aunin ƙiba da ake lissafawa da nauyi da tsawo, ya haura 43, na kai a yi mini aiki. Hankalina ya fi kwantawa da zoben nan da ake ɗaure saman tumbi da shi, tunda an ce ba a yanke komi kuma ana iya cirewa. Tambayata ɗaya ce, in an sa na dawo Damagaram wa zai riƙa duba mini shi?

Ɗan Garin Malam: Hajiya lemun tsami da ruwan ɗumi da safe, sai tafiya bayan asuba. Kilo 5 na zubar haka.

Maman Nafisa: Na gode ƙanena, gwiwar da zan yi tafiyar ce babu.

Hajiya ta Birni: Ƙanwata zauna ki ji daga bakin wadda ta sa. A Tunusiya aka yi mini, 'yan hudoji ne a ciki ba tsagawa ba, kwana biyu aka sallame ni ina ta murna. Abin da dillalin da ya kai ni bai faɗa ba, akwai wani ɗan maɓalli da suke bari ƙarƙashin fata, ta nan ake soka allura a ƙara ruwan gishiri zoben ya matse ko a rage ya saki, kuma allurar ma ta daban ce, ashe nan aikin yake ba ranar tiyata ba. Watannin farko na sauke kilo 14. Ranar layya na ɗauki tsoka ɗaya, ɗaya tak wallahi, ta tsaya mini a ƙirji, yawu na zuba, na shiga bayi ina kakari baƙi na falo suna jirana. Tuwo ba ya wucewa, nama ba ya wucewa, amma fura da sukari da lemun kwalba zuruf suke bi, to su na koma sha, ƙibar ta dawo abinta. Da dare ruwa mai tsami ya taso har maƙoshi, da matashi uku nake kwana. Na tura wa waɗanda suka yi mini aikin saƙo har na gaji, suna gani ba amsa. Daga ƙarshe hoto ya nuna zoben ya zame, sai da na sayar da filina aka cire shi.

Uwar Biyu: Innalillahi. Nawa kika biya Hajiya?

Hajiya ta Birni: Miliyan 3 banda jirgi.

Oga Transit: Miliyan 3 ina? Matar abokina miliyan 2 da rabi har da otel.

Uwar Biyu: Mu an ce mana Indiya miliyan 6 da mai rakiya, to wa za a yarda da shi.

Majo: Kowa da abin da aka lissafa masa, wani ba a sa kuɗin gwaje-gwaje da komawa kontrol ba. Maman Nafisa ki sani yanzu likitoci da yawa sun rage sa zobe saboda irin abin da Hajiya ta faɗa, zamewa, amai, wani lokaci ya ci bangon tumbi. An fi yin wanda ake yanke kusan kashi uku cikin huɗu na tumbin, sai dai shi ba a mayarwa, kuma akwai shan bitamin. In kina son ƙara haihuwa ana cewa a jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Oga Transit: Majo kai allura da ƙarin ruwa ka sani, ka taɓa ganin zoben da idonka?

Majo: Kai da ka gani a wace kwantena?

Tanti Zara: Ku daina. Yayata a Faransa shekara da shekaru tana da shi lafiya lau, amma asibitin na bayan gidanta. Labarin mutum ɗaya ba ya zama hukunci.

Hajiya ta Birni: Ni a jikina na ji, ke a waya aka ba ki labari.

Ɗan Kasuwar Dole: Mu dai tsadar buhun gero ta ɗaure mana tumbi kyauta, ba biza ba jirgi.

Tanti Zara: Kuna dariya, amma wa ya fara ɗura mana ƙibar? Saura wata biyu bikina gwaggona ta kawo ƙwayoyi a ƙullin leda wai kar dangin miji su ce an kawo musu sanda. Fuska ta kumbura kowa na cewa amarya ta yi kyau.

Uwar Biyu: Har gobe ana sayar da su a faranti cikin rana, yara 'yan makaranta ke saye. Kuma in kika rame a ce miji ba ya ciyar da ke ko wani ciwo kike ɓoyewa.

Maman Nafisa: Don Allah maganar allurar fa, akwai mai yi a nan ko sai Yamai?

Uwar Biyu: Ranar da na hana ɗiyata shan ƙwayoyin nan, uwar mijina kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.